Duwatsun Riruwai da Dajin Falgore: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Kama Hanya

In aka ce dutse, Bakano Dala yake tunawa, sai kuma Gwauron Dutse. Wanda ya ɗan taɓa yawo zai ƙara da Jos ko tsaunin Mambila, ya ce ai a can ake hawan dutse na gaskiya, mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Rabin maganar gaskiya ne. Ku ɗauki taswirar jihar Kano ku dubi kudancinta. Daga Tudun Wada jihar takan tsuke, ta miƙe tsakanin Kaduna da Bauchi, har ta kusa taɓo gindin tsaunukan Jos. Wannan tsukakken yanki shi ne ƙaramar hukumar Doguwa, kuma nan ne ƙasar Kano ta fi tudu. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, amma kan duwatsun Riruwai ya haura mita 1,000. Ruwan sama ma ya fi sauka a can: damina takan riga ta birni faɗuwa, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba, abin da ake samu a shekara ya wuce milimita 1,000.

Wurare biyu ne mutane kan haɗa su a baki ɗaya, kuma gara a raba su tun yanzu. Akwai dajin Falgore, akwai duwatsun Riruwai. Dajin kurmi ne na itatuwa da ciyayi da rafuka, da 'yan duwatsu jefi-jefi. Mai son ya hau sama ya hango ƙasa, sai ya ratsa dajin ya fita ta kudu, ya nufi Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, shi ya sa tafiya ɗaya takan ɗauke su duka.

Dajin da hanya ta ratsa

Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birni, faɗinsa kuma ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shiga ƙananan hukumomi uku: Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Ta gabas ya haɗe da dajin Lame-Burra na jihar Bauchi, ta arewa kuma ruwan Tiga ne iyakarsa. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi wurin kare namun daji. A ƙarshen 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙara gandayen daji goma a kan bakwai ɗin da ke hannun tarayya, kuma Falgore na cikin goman, tare da dausayin Haɗeja a Jigawa da dajin Kogo a Katsina.

Sai dai amincewa a takarda daban, abin da matafiyi zai tarar a ƙasa daban. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san tsarin can: ƙofar shiga, masauki a Wikki, motar da za ta zagaya da kai, ma'aikaci a gefenka yana nuna maka sawun giwa. Kada ku nufi Falgore da Riruwai da wannan tsammanin. Nan wuri ne da mutane ke rayuwa a cikinsa da kewayensa, manoma da makiyaya da mafarauta da masu haƙar ma'adinai, kuma duk abin da zai sa tafiyarku ta yi kyau a hannun waɗannan mutane yake, ba a hannun wani mai yankar tikiti ba.

Daga Kano ana bin titin Zariya, a wuce Kura da Ciromawa, har Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Kiru. Nan ake karya kwana hagu a ɗauki hanyar Jos, wadda ta bi ta Tudun Wadan Ɗankadai, ta ratsa dajin, ta fita Doguwa, ta nufi Saminaka. Ku cika tanki a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, ku duba taya da safaya, domin cikin daji ba wurin neman bakanike ba ne. Ku ware awa uku zuwa huɗu kafin ku isa Riruwai.

Da an bar gonakin shinkafar Tudun Wada a baya, ido zai ga canji. Kuka da gawo da aka saba gani a arewa sukan ja baya, doka ta karɓe wuri, ga maje da kawo da marke da taura, ga kaɗanya da ɗorawa, a bakin rafuka kuma gora da manyan itatuwa masu duhun inuwa. Iskar da ke shigowa ta tagar mota ma takan sauya, ta yi sanyi da ƙanshin ɗanyen ganye. Dabbar da kuka fi yiwuwar gani ita ce biri. Gwaggon biri kan fito gefen titi a garke, babban namijin ya zauna a kan dutse yana kallon motoci ba ko gezau, uwa ta tsallaka da ɗanta maƙale a ciki. Ku rage gudu ku kalla, amma kada ku jefa musu abinci. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum, gobe ƙwacewa zai yi, kuma cizonsa ba wasa ba ne.

Sauran namun dajin da aka san wurin da su, irin su gwanki da mazo da gada da mugun dawa, sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma waɗanda suka rage ba sa kusantar titi. Wanda ya ce muku za ku ga zaki, fatan baki yake muku. Tsuntsaye ne ba su yi ƙaura ba. Masana tsuntsaye na duniya sun sa Falgore da Lame-Burra cikin muhimman matattarar tsuntsaye a Najeriya, kuma ko daga gefen hanya za ku ji kukan fakara da zabin daji da sassafe, ku ga cilakowa tana tsalle daga reshe zuwa reshe. In da rabo, har burtu za ku gani yana takunsa na ƙasaita a cikin ciyawa.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Dajin ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu, daga baya da masu garkuwa da mutane. A 2017, zamanin gwamna Abdullahi Umar Ganduje, sojojin ƙasa sun mayar da wani sashe nasa filin atisaye, kuma za ku tarar da shingayen jami'an tsaro a hanya. Hali yakan lafa, yakan kuma tashi, don haka labarin bara ba ya amfani bana. Kafin ku fita ku tambayi waɗanda ke bin hanyar kullum: direbobin haya na layin Doguwa da Jos sun fi kowace jarida sanin yadda aka kwana. A ratsa dajin da rana, ba da asuba ba, ba da magariba ba. A shingen sojoji a sauke gilashi, a yi sallama, a nuna katin shaida in an nema, a ajiye waya. Ɗaukar hoto a irin wannan wuri yana iya cinye muku yinin gaba ɗaya. Shiga cikin dajin da ƙafa kuwa, ba tare da ma'aikatan gandun daji ba, ni ba zan ba kowa wannan shawara ba.

Duwatsun da suka zagaye kansu

Riruwai ba dutse ɗaya ba ne. Jerin duwatsu ne da suka yi da'ira, tsakiyarsu ta ɗan faɗa, kamar bakin kaskon tuya. Masana duwatsu sun ce wurin tsohon aman wuta ne na fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce: ƙasa ta yi aman narkakken dutse, samanta ya rufta, wani narkakken ya biyo tsagar da ta zagaye ya daskare a can ƙasa, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke sama har ƙashin ya bayyana. Irin waɗannan zobba a jere suke daga arewa zuwa kudu, tun daga duwatsun Azbin a Nijar, ta Damagaram, ta Ningi da Riruwai da Jos, har kusa da kogin Binuwai. Na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Wato dutsen da Buzu ke kiwon raƙumi a gindinsa a ƙasar Agadas, da wanda manomin masara ke jingina da shi a Doguwa, dangin juna ne.

Wannan asali shi ya sa ƙasar ke da kuza. Tun kafin Bature ya zo, mutanen Riruwai na wanke ta daga yashin rafi, su narka ta a matoya, su zuba ta ta fito sirara-sirara, fatake su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su yi aiki da ita. Wasu daga cikin masu wannan sana'a sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi sun kafa Riruwain Dalma, shi ya sa tsofaffin takardu ke kiran wannan Riruwain Kano. Irin waɗannan sandunan kuza da aka gani a kasuwa ne suka sa Kamfanin Neja ya aiko da masu bincike a farkon shekarun 1900, suka bi sawu har tsaunin Jos, inda haƙar kuza ta zama babbar harka. A Riruwai kanta an yi haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1970, ana bin wata jijiyar ma'adini mai tsawon kilomitoci. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, aka bar ramuka da tsofaffin gine-gine.

Ƙananan masu haƙa ba su daina ba. In kuka bi bakin rafi kuna iya tarar da mai wankin kuza a durƙushe, ƙwarya a hannu. Takan ɗebo yashi da ruwa, ta riƙa juya ƙwaryar a hankali tana karkata ta, farin yashi mara nauyi yana bin ruwa yana zubewa, ta ƙara ruwa ta sake juyawa, har sai wani baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi, wanda bai fi cikin cokali ba. Shi take tarawa a gwangwani. Ku yi sallama, ku tsaya nesa kaɗan, kada ku ɗaga waya sai an yarda.

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai yawo shi ne haɗari guda da ba ya cikin lissafin yawancin baƙi: tsofaffin ramuka. Wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Wasu sun cika da ruwa sun zama tafkuna masu kyan gani, ruwan kore shar, ba motsi. Ba su da tudu-tudu irin na kududdufi. Daga baki sai zurfi, gefensu kuma yana zabtarewa. Kada a yi wanka a ciki, kada a bar yara su matsa.

Da ɗan gari akan ci gari

Wannan ita ce babbar shawarar, sauran duk rassa ne. In kun isa, kada ku faka mota a gindin dutse ku kama hawa. Ku nemi gidan dagaci ko mai unguwa, ku cire takalma a ƙofar zaure, babbanku ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Kano. Mun zo ganin duwatsu ne, muna neman izini, da kuma wanda zai yi mana jagora."

Kada ku yi mamaki in ya dube ku ya ce, "Ganin duwatsu kawai, 'ya'yana?" Yana da dalili. A ƙasar da ke da ma'adini a ƙasa da ɓata-gari a daji, baƙon da ya zo da jaka a baya yana leƙe-leƙe abin tambaya ne. Ku faɗi sunayenku da inda kuka fito da lokacin da kuke sa ran saukowa. Daga lokacin kun zama baƙin gari, in wani abu ya faru an san inda za a neme ku. Ɗan goro da za ku ajiye ba cin hanci ba ne, ladabi ne. In akwai ofishin 'yan sanda ko na 'yan sintiri kusa, leƙawa a gaisa ba ta rage komai.

Jagoran da za a ba ku galibi mafarauci ne ko matashin da ya yi kiwo a kan dutsen tun yana yaro. Ku yi ciniki da shi kafin a tashi, a san abin da za a ba shi, kuma ku ba shi da daraja, domin shi ne taswirarku. Ya san hanyar da ke ɓullewa da wadda ke ƙarewa a bakin gangare, ya san kogon da zuma ta yi saƙa, ya san rafin da ba ya ƙafewa. Ya kuma san wuraren da ba a shiga. Yankin ba na Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, akwai Kurama da wasu ƙabilu da suka daɗe a waɗannan duwatsu, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai tsofaffin kufai da maƙabartu. A ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Ningi ke kai hari kudancin Kano, duwatsu irin waɗannan ne mafakar mutane. In jagora ya ce nan ba a hawa, ba sai kun nemi hujja ba.

Shi ne kuma zai kai ku magangarar ruwan Zainabi, wadda ita ce aka fi sani a yankin, ya gaya muku ko lokacin ya dace a matsa kusa.

Lokacin kuwa shi ne rabin tafiyar. A ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwan sama ya ɗauke amma rafuka ba su ƙafe ba, ciyawa ta fara ja, masara ta shigo gida, sararin sama garau, ana hango nesa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana da daɗin tafiya, sai dai hazo kan rufe komai. Ka sha wahalar hawa ka isa sama, abin da za ka gani fari fat. Maris da Afrilu dutse kan ɗau zafi har ya gagari tafin hannu. Agusta da Satumba ne wurin ya fi kyau, ruwa na zubowa ta kowace tsaga, kuma a lokacin ne ya fi haɗari. Dutsen da ya jiƙe ya yi gansakuka santsinsa ya wuce misali. Rafin da kuka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, in an yi ruwa a saman dutse, ko da ba a yi a inda kuke ba, yana iya zama iya ƙirji kafin la'asar. Wanda hadari ya tarar a kan fallen dutse kuma shi ne abu mafi tsayi a wurin, tsawa kuwa mafi tsayi take nema. In kun ji rugugi, ku sauka.

Hawan kansa

Ba a buƙatar igiya ko wasu kayan Turawa. Takalmi ne kan gaba: kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su ne ke kai mutane wurin mai ɗori. Dogon wando mai kauri saboda ƙaya da ƙaiƙayi, hula ko malafa, sanda. Mata za su fi sakewa da wando a ƙarƙashin doguwar riga da hijabi madaidaici, wanda ba zai riƙa kamun ƙaya ko ya rufe musu inda za su taka ba. Kowa ya ɗauki ruwansa, aƙalla lita uku, a jakar baya domin hannu biyu su zama a sake. Guzuri mara nauyi ya isa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, aya. Ku sa ƙullin gishiri da sukari a jaka. In gumi ya yi yawa har jiki ya fara saki, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa a sha. Tocila, ko da kuna da niyyar dawowa da rana. Waya a cike da caji, amma kada a dogara da ita, domin sabis kan ɗauke a cikin kwari.

Masu hawan dutse suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotland, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da ya saba. Wanda aikinsa zaman ofis ko shago ne ya ƙara rabin wannan a kai. Kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne: ƙololuwar da kuke gani daga ƙasa sau da yawa kafaɗa ce kawai, in kun hau ta sai wata ta bayyana a bayanta. Ku sa wa kanku lokacin juyawa tun kafin ku fara, misali ƙarfe ɗaya na rana, ko an kai ko ba a kai ba. A watan Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira.

A tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni, jagora a gaba, wani mai ƙarfi a baya. Samari kan so su yi tsere a rabin awar farko, su ne kuma za ku tarar zaune suna haki a rabin hanya. Gajeren taku, numfashi daidai, hutu kaɗan-kaɗan. A kan fallen dutse ku lura da inda fatarsa ta ɗago. Irin wannan dutse yana ɓarewa ne falle-falle saboda zafin rana da sanyin dare, wani fallen in ka taka sai ka ji yana amsawa, alamar ƙarƙashinsa rami ne. A cikin tsagogi za ku ga rema tana shan hantsi, da ta ji motsi ta shige. A sama akwai 'yan ƙananan tafkuna da ruwan sama ya fafe a jikin dutse, da itatuwan da suka kafa saiwa a inda ba ka ganin ko ƙwayar ƙasa. Daga can gonaki da rugage da rufin kwano na ƙauyuka duk suna ƙarƙashinka, shaho yana shawagi a ƙasa da kai, ba a sama ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari, nan aka fi faɗuwa, domin gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida. A wuri mai gangara a juya gefe, ko a zauna a ja jiki. Ba abin kunya ba ne.

Maciji yana nan, amma ba farautar mutum yake ba. Kububuwa da kasa su ne abin tsoro, domin ba sa gudu, lafewa suke a cikin ganye ko gindin dutse. Kada a zura hannu a rami ko tsaga, a duba kafin a zauna, a riƙa buga sanda a ciyawa. In tsautsayi ya faɗa, abin da aka saba yi a gida shi ne ke ƙara ɓarna: ɗaure ƙafa tamau, tsagawa da reza, tsotsa da baki. Ba ɗayansu da ke fitar da dafi. A kwantar da mutum, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a nemi allurar dafin maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya jin sauƙi yau, jini ya ɓalle gobe, don haka jin sauƙi ba dalilin fasa zuwa asibiti ba ne. Zuma ma ta isa a ambace ta: turare mai ƙarfi da hayaniya kusa da kogo suna tayar da ita. Ruwan da ke kwance kuma, komai kyansa, yana iya ɗauke da tsargiya. Kada a shiga cikinsa, a kuma sha wanda aka zo da shi.

Tsayin Riruwai bai kai inda iska ke yi wa mutum ƙaranci ba, wannan sai manyan tsaunuka irin Kilimanjaro. Amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likitansa tukuna. Mai sikila ya yi hattara ta musamman, domin gajiya da ƙishirwa da sanyi, ukun da ke tayar da ciwon, duk suna kan dutse. Yara 'yan ƙasa da shekara goma a tsaya da su a gindi, akwai abin kallo isasshe.

Salla ba ta zama matsala. Nisan ya wuce na kasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake kimanin kilomita 80, in ruwa ya yi ƙaranci kuma ga dutse nan a yi taimama.

Akwai wani dalilin da ya sa ya kamata Bakano ya damu da wannan yanki ko da ba zai taɓa hawa dutse ba. Kogin Kano daga waɗannan tuddai na kudu yake tattaro ruwansa, ya ratsa Falgore, ya zuba a madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, daga kogin kuma matatar Tamburawa ke ɗiban abin da take turawa birni. Itatuwan dajin su ke riƙe ƙasa. In aka sare su, ruwan sama ya kwashi yashi ya zuba a madatsa, cikinta ya riƙa cikewa. Buhunan gawayin da za ku gani jere a gefen hanya, masu araha, daga jikin wannan lissafi ake zaftare su. Ba na ɗora laifin duka a kan mai sarar itacen, wanda yawanci talauci ne ya tura shi, alhali buhun a birni ake ƙona shi. Amma baƙo yana da abin da ke hannunsa: kada ya sayi naman daji ko ɗan biri ko aku, kada ya kunna wuta ko ya yar da guntun taba a busasshiyar ciyawa, kada ya rubuta sunansa da fenti a jikin dutse, ledar ruwa da robar lemo kuma ya mayar da su jaka ya sauko da su. In zai kashe kuɗi, ya kashe a kan jagora, da fura da nonon rugage, da masara da zumar ƙauye.

Kwana ɗaya ba ya isa a yi komai cikin natsuwa. Wanda ya bar Kano bayan sallar asuba zai isa da hantsi, ya yi ɗan gajeren hawa, amma lallai ya kamo hanya kafin ƙarfe uku domin ya fita daga dajin da sauran rana. Mai son ya kai ƙololuwa ya shirya kwana, ya kuma daidaita masaukinsa tun kafin ya taso, ta hannun wani ɗan gari ko wanda ya sani a ƙaramar hukuma. Kwana a tanti a kan dutse, irin wanda ake gani a hotunan ƙasashen waje, ba na wannan wuri ba ne a yanzu.

In kuma labarin hanya bai yi daɗi ba a makon da kuka shirya, ko akwai tsofaffi da ƙananan yara a tafiyar, ba sai an fasa fita ba. Daga titin Zariya ana ratsewa ta Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji, inda tsohon otal ɗin bakin tafki ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, a ƙarasa Tiga a ga ruwa da masunta. Duwatsun Rurum da na Rano suna nan kusa, ba su kai na Riruwai tsayi ba, amma sun isa a gwada ƙafa da takalmi, kuma ana komawa birni kafin magariba.